Barkwancin bariki: Daga yi wa kuku ba'a zuwa gasar da ke cin rayukan sojoji

Akwai wani tsohon barkwanci da ya daɗe yana yawo a barikokin sojan Birtaniya da na Ostareliya. Samanja ne ya faɗo ɗakin cin abinci rai a ɓace, ya daka tsawa: "Wane ne ya kira kuku sakarai?" Wuri ya yi tsit. Can sai wata murya daga baya ta amsa: "Yallaɓai, wane ne ya kira sakaran nan kuku?"

Wani barkwancin kuma cewa yake yi kwas ɗin girki ya fi kowane kwas wuya a aikin soja, domin tun da aka fara shi ba a taɓa samun wanda ya ci jarrabawar ba.

Kusan duk inda aka tara sojoji a duniya za a ji irin waɗannan maganganu. Abu biyu ne ba sa fita daga bakin soja idan ya samu sarari: abincin da aka ba shi, da kuma sojan wata rundunar da yake ganin ya fi shi jin daɗi. Wannan raha tana da amfani, kuma kwamandan da ya san aikinsa saurarenta yake yi. Sai dai tarihi ya nuna cewa idan ta bar bakin tukunya ta hau teburin manyan hafsoshi, rayukan ƙananan sojoji ne suke biyan kuɗinta.

Me ya sa kuku?

Kurtu ba shi da bakin yi wa janar magana. Ba zai ce umarni bai yi ba, ba zai ce albashi ya yi kaɗan a gaban na gaba da shi ba. Abin da dokar soja ta bar masa shi ne ya yi gunaguni a kan miya. Sau biyu ko uku a rana yana tsayawa a layi da kwano a hannu, kuma mutumin da ke riƙe da ludayi shi ne fuskar hukuma mafi kusa da shi. Duk haushin da ya kwaso daga fareti da gadin dare, a kan kuku yake sauke shi.

A 1941 sojan Birtaniya suka kafa sashe na musamman na masu girki, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan ACC. Ba a jima ba sojoji suka sauya wa haruffan ma'ana, suka ce ai "kamfanin kankare na Aldershot" suke nufi, wato garin da ake horar da masu girkin. Da wannan suna sashen ya rayu har 1993 da aka haɗe shi da sashen kula da kayan aiki da sufuri.

A Amurka ma haka abin yake. A 1981 aka fara raba wa sojoji wani abincin leda da ake ci a fagen daga ba tare da an ɗora tukunya ba, mai suna MRE. Nan take suka fassara haruffan da "abincin da kowa ya ƙi". Hukumar soja ba ta hana faɗin haka ba. A shekarun da suka biyo baya ta ƙara yawan nau'o'in abincin, ta cire waɗanda aka fi tsana, ta kuma sanya wata 'yar jaka da ke ɗumama abinci idan an zuba mata ruwa. Hausawa na cewa da wasa ake faɗa wa wawa magana. A bariki, da wasa ake aika wa hedikwata rahoton da ba wanda zai iya rubutawa a takarda ya sa hannu.

Amma akwai rashin adalci a cikin wannan ba'a. Kuku ba shi ke yin kasafi ba, ba shi ke ba da kwangilar kawo shinkafa ba. Abin da aka sauke masa daga mota shi yake dafawa, wani lokaci a ƙarƙashin tanti, da ruwa a ƙididdige, ga mutum ɗaruruwa. Yana tashi kafin kowa, yana kwanciya bayan kowa. Wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Ana jingina wa Napoleon maganar cewa da cikinta runduna take tafiya, abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa a cikin karin maganarsa: da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Yaƙin Kirimiya, cuta da rashin abinci mai kyau sun fi harsashi kashe sojojin Birtaniya. A 1855 wani shahararren kuku ɗan Faransa da ke aiki a Landan, Alexis Soyer, ya tafi can ya gyara tsarin girki a asibitocin soja, ya horar da masu dafa abinci a rundunoni, ya kuma ƙirƙiro wani murhun tafi-da-gidanka. Sojan Birtaniya sun yi fiye da shekara 100 suna amfani da irin wannan murhu.

Akwai kuma labarin Doris Miller, baƙar fatar Amurka da ke hidimar abinci a jirgin yaƙi na West Virginia, a zamanin da rundunar ruwan ƙasar ba ta barin baƙaƙen fata su yi wani aiki sai na kicin da hidima. Ranar 7 ga Disamba 1941, da Japan ta kai hari Pearl Harbor, Miller ya kwashe waɗanda suka ji rauni, sannan ya hau kan bindigar kakkaɓo jiragen sama da ba a taɓa koya masa ba, ya yi ta harbi. Shi ne baƙar fata na farko da ya samu lambar yabo ta Navy Cross. Ya mutu a 1943 lokacin da aka nutsar da jirgin da yake aiki a ciki, yana da muƙamin kuku. A 2020 rundunar ta sanar cewa za a sa wa wani sabon jirgin dakon jiragen yaƙi sunansa.

Taubasan juna

Bayan kuku, wanda ya fi shan ba'ar soja shi ne ɗan uwansa mai kaki na daban. A Amurka sojojin ƙasa suna kiran na sama "rundunar kujera", wai yaƙinsu a ɗaki mai na'urar sanyaya iska suke yinsa. Dakarun kundumbala na Marine kuma ana tsokanarsu da cewa abincin da suka fi so shi ne fensirin kala na yara, wai ƙarfi gare su babu lissafi. Su kansu sun rungumi maganar, har suna muhawara kan wace kala ta fi daɗi.

Fitaccen barkwancinsu shi ne na umarni guda da aka bai wa rundunoni huɗu: "A kama ginin can." Sojojin ruwa suka je suka kashe fitilu, suka kulle ƙofofi, suka tafi. Sojojin ƙasa suka kewaye ginin da shinge, suka ce ba shiga ba fita. Dakarun Marine suka afka masa da wuta, suka karɓe shi ɗaki bayan ɗaki. Sojojin sama kuwa suka nemo mai gidan, suka kama hayar shekara uku.

Wannan tsokana har ranar biki gare ta. Tun 1890 makarantar hafsoshin sojan ƙasa da ke West Point da ta sojan ruwa da ke Annapolis suke karawa a wasan ƙwallon Amurka. Alamar sojan ruwa bunsuru ne, ta sojan ƙasa alfadari, kuma ɗaliban makarantun biyu sun mayar da satar dabbobin juna al'ada. A 1991 ɗaliban sojan ruwa suka kwashe alfadarai huɗu daga West Point, abin da ya sa shugabannin makarantun suka yi yarjejeniyar hana satar. Ba ta hana komai ba. A 2021 ɗaliban West Point suka sake zuwa satar bunsuru, suka yi kuskure suka ɗauko wani tsoho da ya riga ya yi ritaya.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane wannan. Shi ne wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zage-zagi, ko Gobirawa da Yarabawa. Taubashi yana faɗa wa taubashinsa abin da bare ba zai iya faɗa ba, a yi dariya a wuce, kuma ranar da wani abu ya samu ɗaya, ɗayan ne kan gaba wajen taimako. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan wasa na al'ummomin Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, saboda rawar da yake takawa wajen sasanta mutane.

Sharaɗin taubasantaka ɗaya ne: kowa ya san wasa ake yi. Da zarar wani ɓangare ya fara gaskata abin da yake faɗa a kan ɗayan, zumunci ya ƙare. Abin da ya faru ke nan a Japan.

Shinkafar da ta kashe dubban sojoji

A ƙarshen ƙarni na 19, sojojin Japan na ƙasa da na ruwa suna fama da cutar beriberi. Sunan ba shi da alaƙa da Barebari, kada Fulani su samu abin faɗa. Cuta ce da ke kumbura ƙafafu, ta kashe jijiyoyi, ta kai ga zuciya ta gaza. A yau an san ƙarancin sinadarin bitamin B1 ke kawo ta, kuma sinadarin yana cikin dusar da ake cirewa idan an surfe shinkafa ta yi fari tas. A wancan lokacin ba a gano bitamin ba tukuna. Farar shinkafa kuwa ita ce abin alfaharin kurtun Japan, domin yawancinsu 'ya'yan talakawan ƙauye ne da ba su saba samunta a gida ba.

Wani likitan sojan ruwa da ya yi karatu a Landan, Takaki Kanehiro, ya lura cewa cutar ta fi kama ƙananan ma'aikatan jirgi masu cin shinkafa zalla, tana barin hafsoshi masu cin nama da kayan lambu. A 1883 wani jirgin horo mai suna Ryujo ya dawo daga doguwar tafiya, mutum 169 cikin 376 sun kamu, 25 sun mutu. Shekarar da ta biyo baya Takaki ya sa aka tura wani jirgin, Tsukuba, ya bi hanya iri ɗaya da abincin da aka sauya. Mutum 14 kawai suka kamu, ba wanda ya mutu. Rundunar ruwa ta fara gauraya shinkafa da sha'ir, kuma cikin 'yan shekaru cutar ta kusan ɓacewa daga jiragenta.

Manyan likitocin sojan ƙasa suka ƙi yarda. Su a tsarin Jamus suka yi karatu, kuma sun haƙiƙance cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa beriberi. Cikinsu akwai Mori Rintaro, wanda aka fi sani da Mori Ogai a fagen adabi. Sun samu abin kamawa, domin bayanin da Takaki ya bayar kan dalilin cutar ba daidai ba ne: shi ƙarancin furotin ya ɗora wa laifi. Amma maganinsa yana aiki, kuma shaida tana gaban kowa. Abin da ya ƙara taurin kan shi ne daga inda maganin ya fito, wato daga abokan hamayya masu karatun Ingila.

A yaƙin da Japan ta yi da Rasha daga 1904 zuwa 1905, sojojin ƙasa fiye da 200,000 suka kamu da beriberi, kimanin 27,000 suka mutu. Rundunar ruwa ta fita daga wannan yaƙi kusan ba tare da cutar ta taɓa ta ba. Waɗannan mutane ba kuku ne ya kashe su ba. Shi abin da aka ba shi ya dafa.

Gabar ba ta tsaya a nan ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, sojan ƙasa na Japan sai da suka ƙera nasu jiragen ƙarƙashin ruwa na dakon kaya, don kada su dogara da sojan ruwa. Ita kuma rundunar ruwa, da ta yi asarar manyan jiragen dakon jiragen sama huɗu a gumurzun Midway a watan Yunin 1942, sai ta ɓoye girman asarar, ta bar 'yan uwanta suna tsara yaƙi a kan ƙarfin da babu shi.

Darasin da Amurka ta koya da jini

Amurkawa masu satar bunsuru su ma sun ɗanɗana. A watan Afrilun 1980 suka shirya farmakin ceto ma'aikatan ofishin jakadancinsu da aka yi garkuwa da su a Tehran. Jirage masu saukar ungulu na sojan ruwa ne, matuƙan yawanci dakarun Marine, manyan jiragen dakon kaya na sojan sama, masu kai farmakin kuma sojojin ƙasa. Ba a taɓa haɗa su duka wuri ɗaya an gwada aikin daga farko zuwa ƙarshe ba. A hamadar Iran aka soke farmakin saboda lalacewar jirage, kuma a wajen janyewa wani jirgi mai saukar ungulu ya yi karo da jirgin dakon kaya, sojoji takwas suka mutu.

Bayan shekara uku, a mamayar tsibirin Grenada, aka gano cewa rediyon sojojin ƙasa ba ya iya magana da na jiragen ruwan da ya kamata su mara musu baya.

Majalisar dokokin ƙasar ta ɗauki mataki a 1986 da dokar da ake kira Goldwater-Nichols. Dokar ta ƙarfafa ikon kwamandojin haɗin gwiwa a kan duk dakarun da ke yankinsu, ko wane irin kaki suke sawa, ta kuma sharɗanta cewa hafsa ba zai kai muƙamin janar ko admiral ba sai ya yi aiki a rundunar haɗaka. Ba a hana kowa barkwanci ba. Har gobe ana kiran sojan sama mai kujera. Abin da aka hana shi ne ƙarin girman mutum ya dogara da yadda ya kare martabar rundunarsa kaɗai.

Abin da ya shafi Najeriya

Najeriya tana da rundunoni uku, kuma hafsoshinsu a makaranta ɗaya suke fara horo, wato NDA da ke Kaduna, sannan su sake haɗuwa a kwalejin Jaji. Wannan gado ne mai kyau. Duk da haka, a ganawarsa ta farko da shugabannin tsaro a watan Yunin 2023, Shugaba Bola Tinubu sai da ya gargaɗe su cewa ba zai lamunci hukumomin tsaro suna aiki kowa da inda ya sa gaba ba. Ba a yin irin wannan gargaɗi inda babu matsala.

Bayan wata shida, ranar 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi ya jefa bama-bamai kan masu Maulidi a Tudun Biri da ke Ƙaramar Hukumar Igabi a Jihar Kaduna. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85. Rundunar sojan sama ta fito ta ce ba ta da hannu, daga baya sojan ƙasa suka amsa cewa jirginsu ne. Tambayar da ta rage wa jama'a ita ce: idan kowace runduna tana da nata jiragen, wane teburi ne ake zama a tantance bayanai kafin a saki wuta? Wannan tambaya ta fi ƙarfin barkwanci.

Batun abinci ma yana nan. An sha ganin hotuna da bidiyon da aka ce sojojin da ke bakin daga ne suka ɗauka, suna nuna ɗan abin da aka zuba musu a kwano. A farkon 2025 Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Olufemi Oluyede, ya sanar da ƙara kuɗin abincin soja na kullum daga Naira 1,500 zuwa 3,000. Duk mai zuwa kasuwa ya san abin da Naira 1,500 za ta iya saya wa ƙato mai ɗauke da bindiga a rana. Kafin wannan sanarwa, sojoji sun daɗe suna faɗin haka a tsakaninsu, cikin raha da gunaguni.

Masu cewa a hana

Akwai masu ganin wannan ba'a tana zubar da ladabin soja. Suna cewa kurtun da ya saba raina kuku, gobe saje zai raina, kuma a zamanin Facebook da TikTok abin da a da yake ƙarewa a ɗakin cin abinci yanzu duniya yake zagawa, har abokan gaba su ji daɗi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Akwai bambanci tsakanin tsokana da wulaƙanci, kuma sojan da ya ɗauki bidiyo a sansani zai iya tona asirin wurin ba da saninsa ba. Dokokin da suka taƙaita wa soja amfani da kafafen sada zumunta suna da hujjarsu.

Sai dai hana magana ba ya ƙara nama a miya. Rundunar da sojojinta suke yi wa abinci ba'a a fili ta fi lafiya a kan wadda suka yi shiru suna tafasa a ciki. Kwamandan da ya ji barkwancin da ake yi a kan tuwon bataliyarsa ya samu bayanan sirri kyauta. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya shiga layi da kwano ba tare da sanarwa ba, ya ci abin da ake ci, sannan ya bi sawun kuɗin daga hedikwata zuwa ɗan kwangila zuwa tukunya. Sau da yawa zai tarar cewa kuku ne kaɗai a cikin jerin bai ci komai ba.

Haka ma gasar rundunoni. A bar kurtu ya tsokani ɗan uwansa na sama, a bar su su kara a filin ƙwallo. Inda ya kamata a sa ido shi ne wajen rabon kasafi, da sayen rediyon da zai iya magana da na kowa, da musayar bayanan sirri, da atisayen haɗin gwiwa tun kafin buƙata ta taso, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya suna da hurumin tambayar hafsoshi waɗannan abubuwa a lokacin kare kasafi, kuma ya kamata su riƙa tambaya. Ya kamata kuma aikin haɗin gwiwa ya zama abin da ake dubawa kafin a ƙara wa babban hafsa girma, kamar yadda Amurka ta yi bayan ta binne sojojinta.

Likitocin sojan ƙasa na Japan suna da ilimi, suna da kishin ƙasa, kuma maganin yana tashar jiragen ruwa kusa da su. Abin da ya hana su ɗauka shi ne daga hannun wa zai fito. Duk ƙasar da ke da runduna fiye da ɗaya tana iya faɗawa wannan rami, kuma waɗanda ke tsaye a layi da kwano su ne suke fara biya.